Sharhi a Kan Shirin 6 Minute English, Bayan Wata Biyar Ina Shirin Jarrabawar IELTS da Shi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, kuma na shafe fiye da shekara goma ina rubuta rahoton marasa lafiya da Turanci, saboda haka lokacin da na yanke shawarar neman rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wato NMC, ban ɗauki jarrabawar IELTS, ta gwada ƙwarewa a Turanci, a bakin komai ba. Hukumar tana neman maki 7 a saurare da karatu da magana, da 6.5 a rubutu, a ma'aunin da ƙarshensa 9 ne. Gwajin farko da na yi wa kaina a gida shi ya sa ido ya raina fata, domin cikin tambayoyi 40 na ɓangaren saurare 21 kawai na ci, alhali mai neman maki 7 sai ya kawo wajen 30. A ranar na gane cewa Turancin da nake ji a bakin likitocinmu da malamanmu na makarantar jinya daban yake da wanda ake sakawa a kunnen ɗalibi a ɗakin jarrabawa.

Da farko kuɗi na kashe a kan wata manhaja da ake yawan tallatawa a Facebook, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Muryoyin cikinta na na'ura ne, ba sa tuntuɓe ba sa numfashi, sau biyu kuma na kama ta da amsar da ta ci karo da abin da ke rubuce a cikin nassin da ita kanta ta bayar. Da na kai kukana wurin wata babbar sista da muke aiki ɓangare ɗaya, wadda ƙanwarta ta riga ta ci jarrabawar, sai ta ce: "Ke dai ki koma wa BBC, kyauta ne, kuma mutane ne suke magana." Na yi dariya, domin a gidanmu BBC tana nufin rediyon Baba da labaran Sashen Hausa, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1957, ban taɓa tunanin akwai wani sashe nasu mai koyar da Turanci da zai yi mini rana ba.

Shirin 6 Minute English na sashen BBC Learning English ne, yana fita sau ɗaya a mako, kuma tsawonsa kamar yadda sunan ya nuna bai wuce minti shida da 'yan daƙiƙu ba. Mutum biyu ne suke hira a kan maudu'i guda, kamar barci ko abinci ko sauyin yanayi ko basirar na'ura. Ɗaya yakan jefa wa ɗan'uwansa tambaya mai zaɓi uku a farko, sai a ƙarshe a faɗi amsar, a tsakani kuma a sako muryar wani masani da aka ɗauko daga shirye-shiryen rediyonsu, sannan a rufe da bitar kalmomin da aka koya, galibi guda shida. Ana iya sauke sautin a waya tare da rubutaccen nassin duk abin da aka faɗa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake lissafin data, domin ni da daddare nake sauke guda biyar ko shida a lokaci ɗaya, in saurare su ko babu intanet.

Yawancin karatuna a aikin dare na yi shi, wajen ƙarfe uku, bayan na gama zagayen magani, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar fanka da tarin wani dattijo a gadon ƙarshe. Nakan sa abin saurare a kunne ɗaya, in bar ɗayan saboda kiran majinyata. Sauraron farko ba na duba nassi, sai in rubuta abin da na fahimta a jimla uku a bayan wani tsohon littafin rubutu. A na biyu nakan bi nassin da yatsa, in ja layi a duk inda kunnena ya kasa kama abin da idona ya sani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin layukan ba a ƙarƙashin manyan kalmomi suke ba, a ƙarƙashin ƙananan da na sani tun firamare suke, waɗanda Bature yake haɗiyewa ko ya liƙa su da juna, har "a lot of" ta koma kamar kalma guda. A na uku nakan tsayar da sautin jimla bayan jimla, in maimaita a hankali yadda suka faɗa.

Bayan kamar wata biyu na lura cewa na daina fassara magana zuwa Hausa a cikin raina kafin in fahimce ta, wanda a da shi ne yake sa jimla ta biyu ta wuce ni ina fama da ta farko. Amma babbar ribar da na samu, wadda ban ga masu yaba shirin suna ambata ba, ita ce ɗabi'ar masu gabatarwar ta sake faɗin maganar masani da wasu kalmomi. Masanin zai yi bayani da Turancinsa mai nauyi, su kuma su dawo su warware shi da mai sauƙi. Wannan shi ne ainihin abin da IELTS take gwadawa, domin da wuya kalmar da ke cikin tambaya ta fito yadda take a bakin mai magana; tambaya za ta ce abu ya yi araha, mai magana kuma ya ce bai kashe kuɗi da yawa ba. Wanda ya zauna yana jiran kalmar da ya gani a takarda, za a wuce amsar bai sani ba.

Sai dai dole in faɗi inda shirin ya tsaya, ko da yake ba laifinsa ba ne, tunda ba don jarrabawa aka tsara shi ba. Ɓangaren saurare na IELTS kashi huɗu ne cikin kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake sa sautin. A kashi na farko ana cike fom ne, a faɗi suna harafi bayan harafi, a faɗi lambar waya da ranar wata, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya zubar da makin. Mu da muka tashi da baƙaƙen Hausa muna da matsala ta musamman a nan, domin harafin da Bature yake kira "i" shi ne E, wanda yake kira "ai" shi ne I, kuma cikin sauri hannu yakan rubuta abin da ya saba. Haka nan bambance 15 da 50 a bakin mai sauri, da dabarar nan ta mai magana ya ce ranar Talata sannan ya gyara ya ce Alhamis, duk ba za a koye su a hirar minti shida ba. Masu gabatarwar kuma suna magana a natse da karin harshen Ingila, alhali a jarrabawa ana jin na Ostareliya da New Zealand da Arewacin Amurka, ga kuma kashi na huɗu wanda lacca ce ta mutum ɗaya da ba a tsayawa a tsakiyarta.

A ɓangaren karatu amfaninsa ya fi ƙaranci. Nassin hira ce gajera, jarrabawar kuwa dogayen nassoshi uku ne na ilimi da tambayoyi 40 cikin minti 60, ba tare da ƙarin lokacin kwafe amsa ba. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne tambayoyin da ake zaɓar ko magana gaskiya ce, ko ƙarya, ko kuwa nassin bai ambace ta ba. Na tuna wani gwaji a kan zazzaɓin cizon sauro, inda na ga jimlar da na san gaskiya ce tun ina ɗaliba, na zaɓi gaskiya ba tare da wata-wata ba, ashe marubucin bai faɗe ta ko'ina ba. Sanin aikina ne ya kayar da ni. Maganin wannan sai da na nemo littattafan gwaji da Cambridge take fitarwa, ita da British Council da kamfanin IDP na Ostareliya suke da jarrabawar, na riƙa zama duk ranar Asabar da agogo a gabana, minti 20 ga kowane nassi, ko na gama ko ban gama ba in wuce.

A kwamfuta na zauna jarrabawar, inda minti 2 kawai ake bayarwa don duba amsoshin saurare, saɓanin minti 10 na kwafe amsa da masu yi a takarda suke samu a lokacin. Na samu 7.5 a saurare, 7 a karatu, kuma a ganina kaso mafi girma na makin sauraren daga waɗancan darare ya fito, na karatun kuwa daga zaman Asabar. Wanda yake fahimtar rubutaccen Turanci amma maganar Turawa tana wuce shi, kuma yana da aƙalla wata uku a gabansa, ina ba shi shawarar ya fara da wannan shiri, ya haɗa da cikakken gwaji ɗaya a mako. Wanda jarrabawarsa saura mako uku kuwa, gara ya tafi kai tsaye ga littattafan gwaji. Rubutu ne ya tsaya mini a 6, shi nake sake shiri a kansa yanzu, kuma a wannan ɓangare hirar minti shida ba ta da abin da za ta yi mini.