Garajin da ya gano ciwon Corolla ta, bayan wata biyu ina asarar mai

Jama'ar Damagaram masu mota, wannan na ku ne. Corolla ta ƙirar 2003 ce, kullum ina zuwa Mirriya aiki in dawo, hanyar da ba ta kai kilomita 20 ba, amma tun wajen wata biyu da suka wuce sai na ga mai yana tafiya kamar ana zuƙe shi da tiyo, abin da ke kai ni sati ɗaya yanzu kwana biyar da ƙyar, ga baƙin hayaƙi a salansa, ga warin isansi in na tsaya, ga fitilar injin nan mai ruwan ɗorawa ta kama a tablo ta ƙi mutuwa.

Wurin farko da na je an canza min bujiya huɗu, an cire kan batir an mayar, fitila ta mutu, kwana biyu ta dawo. Na biyu kuma cewa ya yi a cire ƙwan fitilar kawai a huta. Wallahi raina ya ɓaci, ana ce maka jikinka da zafi kai kuma sai ka fasa ma'aunin?

Wani abokin aikina ne ya kai ni wannan garajin da ke wajen hanyar Tanut. Maigidan bai taɓa sifana ba sai da ya gama saurarena, sannan ya ɗauko na'urar da suke ce wa balis ya jona a ƙasan sitiyari, ta fito da lamba P0133. Ya ce min, Malam wannan tana nufin sond lamda ta farko, wadda 'yan Kano ke ce wa oksijin sansa, ta yi nauyi wajen amsawa, amma lamba kaɗai ba ta isa in sa ka kashe kuɗi ba, bari mu auna. Nan ne fa ya shiga raina.

Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Wannan 'yar abar tana ɗaure a bututun hayaƙi kafin katalizar, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, aikinta ta shinshini iskar oksijin da ta rage a hayaƙi ta gaya wa kwamfutar mota, ita kuma kwamfuta ta ƙara mai ko ta rage don a tsaya kusa da kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai. Mai lafiya in injin ya yi zafi za ka ga wutarta tana lilo da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ya juyo min allon na gani da idona, tawa tana jan ƙafa a ƙasa, sai ta jima kafin ta ɗaga, shi ya sa kwamfuta ke zaton mai ya yi kaɗan tana ta ƙarawa. Sababbin bujiyoyin nan da na saya ma da ya kwance ɗaya har ta yi baƙi ƙirin.

Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya sa yaronsa ya duba ko bututun yana hura iska ta wata kafa kafin wurin sond ɗin, don ko ƙaramar huda ce tana iya yaudarar ta, babu. Ya bi wayoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya ko ɓera ya ci ko zafi ya narka, lafiya lau. Ya sa mita ya auna wayoyi biyu baƙaƙe na hitar da ke cikinta, ya ce a wannan motar ya kamata a samu om 11 zuwa 16, an samu daidai. Ke nan ita kanta ce ta gaji, kuma da alama tun daga kamfani ba a taɓa canza ta ba.

Na tambaye shi ko a wanke ta da isansi kamar yadda wasu ke yi, ya ce a'a Malam, wanki ba ya dawo da wadda ta mutu, kuma in ka ci gaba da yawo haka ɗanyen mai zai ƙone katalizar, wannan kuwa kuɗinsa ya ninka.

Inda ban ji daɗi ba, ba su da kayan a hannu, an zaga Kasuwar Dole ba a samu ta kirki ba sai tsofaffi da marasa suna, dole aka yi saƙon ta kamfanin Denso daga Kano, kwana uku ina hawan kabu-kabu. Wurin zama ma benci ɗaya ne a gindin dogon yaro, in rana ta juya sai haƙuri. Kuma mutane da yawa, in ba ka zo da sassafe ba za ka wuni.

Ranar da sabuwar sond ɗin ta zo, sun ɗan ɗuma injin, suka fesa mai a zaren don tsatsa, suka kwance da soket mai lamba 22 mai tsaga a gefe, minti 20 an gama. Ya goge lambar, muka zaga har wajen Birni muka dawo yana riƙe da balis ɗin, layin nan yana hawa da sauka kamar yadda ya faɗa. Tsohuwar ma ya saka min a leda ya ba ni ba tare da na tambaya ba. Na biya jaka 35 na kaya, jaka 5 na awo, jaka 3 na aiki.

Yau sati uku ke nan fitila ba ta dawo ba, hayaƙi ya washe, mai ya koma kai ni sati. Mako mai zuwa in sha Allah zan kai masa motar ƙanena, ita ma tata fitilar ta fi shekara a kunne.