Tayar gudu a damina: wacce za ka saya, wacce za ka bari a shago

Idan mai shagon taya ya ce maka "wannan tana kama ƙasa", tambaye shi wace ƙasa yake nufi. Kwaltar da yayyafi ya jiƙa daban take, kwaltar da ruwa ya kwanta a kanta daban, kuma abin da ke ceton mota a ta farko ba shi ke cetonta a ta biyu ba. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta roba ce ke aiki, wato laushinta da irin haɗin da aka yi mata. Shi ya sa manyan kamfanoni suke zuba sinadarin silika a robar tun daga shekarun 1990, don ta riƙa liƙewa da tsakuwar titi ko da akwai danshi. Amma da zarar ruwa ya taru, roba ba ta da ta cewa sai ta taɓa ƙasa tukuna, kuma zanen taya ne kaɗai ke buɗe mata hanya. Tayar da ta yi zarra a ɗaya tana iya zama koma-baya a ɗayan, kuma nan ne masu motocin gudu irin su BMW M3, Mercedes-AMG da Golf GTI suka fi yin kuskuren saye.

Ga lissafin. Taya mai faɗin milimita 245, a gudun kilomita 100 a awa, kan ruwa mai zurfin milimita 3 kacal, sai ta kawar da wajen lita 20 a kowace daƙiƙa, wato jarka guda cur, taya ɗaya ke nan. Mai faɗin 205 lita 17 ce a gabanta, mai 305 kuwa ta kai 25. Duk ruwan nan ta cikin kwarin zane zai bi ya fita baya ko gefe. Idan ya fi ƙarfin kwarin, sai ya taru a gaban tayar ya kutsa ƙarƙashinta ya ɗaga ta, ta koma iyo. A hannu za ka fara ji: sitiyari ya yi sakayau kamar an kwance shi, ƙarar inji ta tashi ba tare da ka ƙara totur ba, ka karkata motar ta ƙi bin ka. A rahotannin gwaji ana rubuta wannan da aquaplaning ko hydroplaning, ka riƙe kalmomin don za ka neme su.

Tayoyin gudu da za ka tarar a kasuwa gida uku ne. Na farko su ne masu ɗan zane kaɗan, waɗanda aka yi domin filin tsere amma doka ta yarda su hau titi: Michelin Pilot Sport Cup 2, Toyo Proxes R888R, Yokohama Advan A052, Bridgestone Potenza RE-71RS. Kallo ɗaya za ka gane su. Kafaɗar waje kusan sumul take, kwarin ba su da yawa, kuma tun suna sababbi zurfin zanensu bai cika wuce milimita 5 zuwa 6 ba, alhali tayar yau da kullum tana zuwa da kusan 8. A busasshiyar kwalta babu kamarsu. A ɗan danshi ma, idan robar ta yi zafi, suna iya ba ka mamaki, kuma wannan ne ke yaudarar mutane har su saki jiki. Ranar da suka gamu da kwantaccen ruwa a babbar hanya sai labari ya sha bamban, domin babu inda ruwan zai bi. Ko motocin Formula 1 sai sun shiga an sauya musu taya mai zane idan sama ta ɓalle. Kai da ba ka da masu jiranka a gefen hanya da wata taya, bar waɗannan wa mai motar da ranar tsere kaɗai take fita.

Gida na biyu shi ne tayoyin gudu na titi, waɗanda Turawa ke kira na bazara: Michelin Pilot Sport 4 S da Pilot Sport 5, Continental SportContact 7, Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6, Bridgestone Potenza Sport, Pirelli P Zero. Sunan bazara kada ya ruɗe ka, ba yana nufin rani kawai ba ne. Abin da ba sa so shi ne sanyi, ƙasa da digiri 7 robarsu takan yi tauri. Ruwan ɗumi kuwa nasu ne. Yawancinsu suna da manyan kwari uku ko huɗu da suka zagaye tayar, an karkata su ɓangaren ciki, an bar kafaɗar waje da manyan gaɓoɓi don shan kwana. Ga motar da ake hawa kullum, rani da damina, a cikin gidan nan za ka zaɓa. Tsakaninsu ma akwai bambanci: Pilot Sport 5 da Continental PremiumContact 7 sun fi karkata ga tuƙin yau da gobe, su 4 S da SportContact 7 sun fi kusa da filin tsere. Idan ba ka taɓa kai motarka filin ba, na farkon sun ishe ka.

Sai masu cin kowane yanayi, kamar Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus. An yi su ne don wanda ke zaune inda ake ƙanƙara jefi-jefi, suna da ƙananan tsaga da yawa, suna kuma daɗewa. Ta Continental ɗin tana da wata dabara mai kyau: an zana haruffan D, W da S a jikin zanen, idan S ya goge ta daina ƙanƙara, idan W ya goge ta daina ruwa. Wanda ke Amurka ko Kanada yana da hujjar sayensu. Wanda ke ƙasa mai zafi yana biyan kuɗin abin da ba zai mora ba, kuma a ruwan ɗumi tayar bazara mai kyau ta fi su tsayawa da wuri.

Takardar da ke manne a jikin sabuwar taya tana da amfani, amma ka san iyakarta. Ta Tarayyar Turai, wadda aka fara a 2012 aka sabunta a 2021, tana nuna hoton gajimare da ruwa, da harafi daga A zuwa E. Tsakanin ta sama da ta ƙasa ana ƙiyasta kusan mita 18 idan aka taka burki daga kilomita 80, tsawon motoci huɗu ke nan a jere. Kada ka sauka ƙasa da B, kuma a motar gudu A ya kamata. Sai dai burki a miƙe kan jiƙaƙƙen titi kaɗai harafin ke aunawa, bai ce komai game da iyo ba. Haka ma tsarin Amurka da ake rubutawa a gefen taya, Traction AA, A, B ko C: taya ake ja a kulle, ba ta juyawa, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta da siminti a gudun mil 40, don haka roba yake gwadawa, ba zane ba. R888R ma AA gare ta. Lambar Treadwear da ke kusa da shi, mai nuna yadda taya ke jure suɗewa, ta fi tona asiri: idan ka ga 200 ko ƙasa, kana riƙe da 'yar filin tsere ne, su 4 S suna 300, masu kowane yanayi sun haura 500. Don sanin yadda taya ke yi da kwantaccen ruwa sai ka duba gwajin masu zaman kansu irin na ƙungiyar masu motoci ta ADAC da mujallar Auto Bild a Jamus, ko kamfanin sayar da taya na Tire Rack a Amurka. Jamusawan sukan raba iyo a miƙe da iyo a kwana, kuma ka nemi gwajin da aka yi da girman da ya yi kusa da naka.

Maganar faɗi tana da ɗaci ga masu son ado. Sa rim babba da taya mai faɗi yana ƙawata mota, amma kamar yadda lissafin can ya nuna, ƙarin ruwa kake ɗora wa tayar, nauyin motar kuma ya bazu ya rage danna ta ƙasa. Tsaya a girman da kamfani ya rubuta a takardar jikin ƙofar direba. Idan sun ba da zaɓi biyu, inci 18 da 19 misali, ɗauki 18. Gefenta ya fi tsayi, kuma a titunanmu inda ruwan Agusta ke rufe ramuka, taya mai gajeren gefe, wato mai lamba 30 ko 35 bayan lambar faɗinta, ba ta da abin da za ta tare duka da shi: ko ta yi ƙulu a gefe, ko rim ya lanƙwashe. Taya mai ƙulu ta gama aiki, mai faci ba shi da maganinta. Ka kuma daidaita lambar nauyi da harafin gudu, V kilomita 240, W 270, Y 300, sannan idan motar tana neman alamar kamfani, tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, N na Porsche, nemi mai ita.

Duk wannan zance na sabuwar taya ne. Pilot Sport da ta suɗe ba ta kai taya mai matsakaicin kuɗi da ke da cikakken zane ba idan aka shiga kududdufi. Leƙa cikin babban kwarin, za ka ga wani ɗan tudu na roba a kwance, daidai inda aka sa ƙaramar alamar kusurwa uku ko TWI a kafaɗa. Tsayinsa milimita 1.6 ne, iyakar doka a Turai, amma ruwa ba ya jiran doka: daga milimita 3 abin ya fara lalacewa sosai, a nan ya dace ka sauya idan damina na gabanka. Tsinken ashana ya isa awo. Soka shi a kwarin, riƙe da farce, ɗora a kan rula. Auna ta ciki musamman, domin motocin gudu sukan cinye gefen ciki yayin da waje ke nuna kamar sabo.

Wannan ne ya sa tayar gwanjo ba araha ba ce. Taya mai milimita 4 saura milimita 1 kawai na tuƙin damina a jikinta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Roba na bushewa da shekaru, zafi kuma na gaggauta hakan, Michelin da kansu sun ce a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma. A cikin gwanjon da ake kawowa daga Turai akwai tayoyin hunturu da yawa, masu hoton tsauni da ƙwayar ƙanƙara a gefe. Zanensu ya yi zurfi ya yi kyau a ido, amma a kwalta mai zafi laushi suke yi, burki ya yi tsawo.

Idan biyu kawai aljihu zai iya, sababbin su tafi baya, ko da gaba ne ke jan motar. Gaba idan ya yi iyo motar miƙewa take yi, ka sassauta ta dawo. Baya idan ya saki, juyawa za ta yi, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa ta fi son a sauya duka tare. Tsaya a kan mai faci lokacin ɗaurawa: taya mai rubutun Outside wannan fuskar ce waje, mai kibiya da Rotation dole ta bi inda kibiyar ta nuna, in an juya ta zanen ba zai watsar da ruwa yadda aka tsara ba.

Iska ma tana cikin lissafi. Binciken da hukumar NASA ta yi a shekarun 1960 kan tayoyin jirgin sama ya nuna gudun da taya ke fara iyo yana bin ƙarfin iskar cikinta. Da wannan ma'auni, idan ruwa ya shanye zane, taya mai iska 32 za ta tashi a wajen kilomita 94, mai 20 kuwa tun daga 75. Masu rage iska wai don mota ta kama ƙasa a ruwa, akasin haka suke yi wa kansu. Auna da safe kafin tayar ta yi zafi, ka bi lambar jikin ƙofa, ba wadda ke gefen taya ba, waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Kuma ruwan farko bayan dogon rani ya fi na tsakiyar damina santsi, saboda ƙura da baƙin mai da suka taru a kwalta suna kwaɓewa kafin su wanke, don haka idan za ka sauya taya, sauya ta kafin hadarin farko ya haɗu.