RAM mai lamba 3200 da ke gudu a 2133: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Lambar da ke jikin kwalin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ba ita kaɗai ke yanke gudun da za ka samu ba. Da ita, da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), da madabod (babban faifan da ake soka komai a kai), kowanne yana da iyakarsa, kuma wanda ya fi ƙasa shi ake bi. Shi ya sa mai shagon kwamfuta a Ringim ko Ɗambatta zai shiga Kano ya zaɓo RAM samfurin DDR4 mai murfin ƙarfe da rubutun 3200, ya dawo ya soka, ya buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna gudun RAM, ya tarar da 2133, ya ce an cuce shi. Galibi kayan lafiyarsa ƙalau, injin ne bai dace da shi ba.

Kowace sandar RAM tana ɗauke da bayanin gudunta a jikinta. Akwai gudun ƙa'ida na JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM, wanda kowace kwamfuta ke karantawa da kanta: a DDR4 shi ne 2133, 2400, 2666, 2933 ko 3200, a kan folt 1.2. Akwai kuma gudun XMP, ƙarin gudu da kamfanin RAM ɗin ya gwada ya rubuta a kwali, yawanci a kan folt 1.35, kuma ba ya aiki sai an kunna shi a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi. Yawancin masu murfi da fitilu, 3200 ɗinsu na XMP ne, na ƙa'idarsu kuwa 2133 ne ko 2400.

Don haka tambayar farko ita ce wace irin kwamfuta ke gabanka. Idan ta ofis ce ta hannu, irin Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka cika shagunan buga takardu da cibiyoyin rajistar jarrabawa, to BIOS ɗinsu ba shi da wurin kunna XMP. A nan tsirarar koriyar RAM ta Samsung, SK hynix, Micron ko Kingston ta fi mai ado. Ɗauki injin da ke da furosesa i5-8500: iyakarsa 2666. Koriya mai rubutun PC4-2666V za ta ba shi 2666 cif, mai murfin da ta fi ta tsada kuwa tana iya tsayawa a 2133. In i3-8100 ne, 2400 ce iyaka ko me ka soka. Laftof ma kusan duka haka suke.

Takardar da ke manne a jikin koriyar ita za ka karanta, ba bakin mai kaya ba. 2133P, 2400T, 2666V, 3200AA, duk gudun ƙa'ida ne. Harafin da ke biye da su ma abin lura ne: U ta kwamfutar tebur, S ta laftof, R ta saba (server), wato babbar kwamfutar cibiyar bayanai. Mai R ɗin tana da araha, tana shiga ramin daidai, amma injin ofis ko na gida ba zai tashi da ita ba. In kuma PC3 ko PC3L ka gani, DDR3 ce, tsagarta ma ba ta yi daidai da ramin DDR4 ba.

Idan haɗa kwamfutar za a yi maka, madabod ne abin ciniki. A ɓangaren Intel, madabod masu lamba H310, B360, B365, H410 da B460 ba sa barin RAM ta wuce iyakar furosesa, don haka i5-10400 a kan H410 ba zai haura 2666 ba. Sai a 2021, da zuwan B560, Intel ta buɗe wannan ƙofar ga madabod masu matsakaicin farashi, kuma B660 da B760 sun bi sahu. A ɓangaren AMD abin ya fi sauƙi: B450 ko B550 da Ryzen 5 5600 ko 5600G suna karɓar 3200 ba gardama, da yawa ma har 3600. ASUS na rubuta DOCP a madabod ɗinta na AMD, MSI kuma A-XMP, duk abu ɗaya ne da XMP. A DDR5 ƙa'idar ta fara daga 4800, kuma AMD na da nata tsarin, EXPO.

Kunnawar ba wuya. Danna Del ko F2 da kwamfuta na tashi, nemo XMP, zaɓi tsari na ɗaya, danna F10. In allo ya yi baƙi ya ƙi dawowa, zare wayar wuta daga soket, cire ɗan batirin madabod mai lamba CR2032 na ’yan mintuna, ka mayar. Sannan ka sake shiga ka sa 3000 ko 2933 da hannu. Sanda huɗu sun fi biyu yawan yin wannan tirjiyar.

Wurin da kuɗi ya fi yin aiki shi ne yawan sanduna. Guda biyu na 8GB sun fi guda ɗaya ta 16GB, domin furosesa na da hanya biyu zuwa RAM, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya take buɗewa. A lissafi, guda ɗaya mai 3200 tana kai 25.6GB a daƙiƙa, biyu masu 2666 suna kai kusan 42.6GB. Mai haɗa bidiyon biki ko zanen fosta a CorelDRAW ba tare da katin hoto daban ba, shi ya fi kowa jin bambancin, tunda hoton ma daga RAM ɗin yake ci. In ramuka huɗu ne, na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa, A2 da B2. Ka haɗa 2400 da 3200 kuma, dukansu su sauko 2400. Tsakanin biyu masu gudu ɗaya, dubi CL, lambar jinkirin amsawa: 3200 CL16 tana amsawa cikin nanosakan 10, CL22 cikin 13.75, amma ta farkon sai mai XMP.

Batun ƙure furosesa ya wuce gudun da kamfani ya sa masa kuwa, ga mai shago a ƙauye ba ya biyan kuɗin sabulu. A Intel sai furosesa mai harafin K a lambarsa da madabod mai harafin Z, kuma mai K ba ya zuwa da fanka, sai ka saya daban. i5-12400 wat 65 aka rubuta masa, i5-12600K kuwa 125, tun kafin a taɓa komai. Da ka ɗaga folt, wuta da zafi su haura fiye da gudun da ka samu. Ka auna wannan a shago mai rufin kwano a Gumel ko Haɗejiya cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe haƙarƙarin fanka, ga batirin sola da ake lallaɓawa ya kai dare. Furosesan Intel da ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu, ka koma inda ka taso. Mafi muni, injin ya ɗauke ana tsakiyar fitar da bidiyon amarya. Kuɗin K da Z gara su tafi ga SSD, sanda ta biyu da UPS, tunda wutar KEDCO da ta janareta ba sa sallama in za su tafi.

Ranar sayayya, tafi da injin in da hali, da filas mai manhajoji biyu: CPU-Z mai nuna bayanin kayan kwamfuta, da MemTest86 mai gwada lafiyar RAM. A shafin SPD na CPU-Z za ka ga layukan JEDEC daban, na XMP daban, nan za ka san ainihin abin da aka miƙo maka. A shafin Memory rabin gudu yake nunawa, don haka 1600 na nufin 3200, 1333 na nufin 2666. Kafin ka bar shagon ku daidaita da mai kaya cewa zai canza in ta ba da matsala, domin MemTest86 na ɗaukar sa'o'i kafin ya gama zagaye huɗunsa, kuma kuskure ko guda ɗaya ya isa a mayar da ita.