Silikon ko baƙin ƙarfe: a kan wanne daimon ya fi kamawa?

Ƙanena, ka ce kana haɗa aikinka na ƙarshe a sashen fiziks na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka ga a takardu cewa inji ɗaya ne, iska ɗaya, amma daimon da aka shimfiɗa a kan silikon ya fito tas, na kan baƙin ƙarfe kuwa ya fito baƙi yana ɓarewa. Kana son dalili, da kuma wanda ya kamata ka fifita.

A taƙaice, yadda ake shimfiɗa wannan daimon shi ne a zuba iskar metan, kamar kashi 1 cikin 100, a cikin haidurojin, a tarwatsa su da zafin wata wayar ƙarfe ko da filasma (iskar da lantarki ya wargaza ƙwayoyinta), sai kabon ya riƙa sauka a kan farantin silikon ko na ƙarfe da ya yi zafin digiri 700 zuwa 1000. Masana a Japan ne suka bayyana wannan hanya a 1982 da 1983. Farantin nan ba zaman 'yan kallo yake yi ba, shi ke yanke hukuncin abin da kabon zai zama.

Fara da yadda kowanne ke karɓar kabon. Silikon yana haɗuwa da shi su yi wani siririn rufi na kabaid, daga nan ya ƙoshi, sai daimon ya samu wurin dafawa. Baƙin ƙarfe kuwa haɗama gare shi: kabon na sauka yana narkewa cikinsa, wanda ya rage a sama kuma ƙarfen ya juya shi ya koma girafait, wato baƙin nan na cikin fensir. To daimon da ya hau kan girafait ai bai hau kan komai ba, da farce ma za ka iya ɗaye shi. Nikel da kobalt duk halinsu ke nan. Abin mamaki, waɗannan ƙarafa su ne ake neman taimakonsu a ɗaya hanyar yin daimon, ta matsi da zafi mai tsanani, wadda kamfanin General Electric ya yi nasara da ita a 1954.

Sai lokacin hucewa, kuma nan ne na fi son ka tsaya. Daimon kusan ba ya motsi da zafi: miƙewarsa kamar kashi 1 cikin miliyan ce a kowane digiri, a zafin ɗaki. Silikon 2.6, baƙin ƙarfe wajen 12, jan ƙarfe 17. Ka kashe inji daga digiri 800, ƙarfen ya tsuke da ƙarfi, daimon da ke bisansa ya ƙi tsukewa, sai ka ga ya kumbura ya tsage, gefe-gefe sun ɗago. Ka san yadda yaɓen siminti ke ɓarewa daga katangar laka a nan Sakkwato idan zafin bazara da sanyin hunturu sun yi ta juya su, to haka. Silikon ma yana lanƙwashewa kaɗan idan daimon ya yi kauri, amma yana riƙewa.

Kada ka ɗauka silikon ba shi da aibi. Idan ka sa shi a goge sumul, daimon da ƙyar yake tsirowa, ƙwaya nan ƙwaya can. Dole a ƙarce fuskarsa da garin daimon, ko a jiƙa shi cikin ruwa mai ƙananan ƙwayoyin daimon. Kuma tazarar ƙwayoyin zarrarsa 5.43 ce a angistirom, ma'aunin tsawo a duniyar zarra, ta daimon 3.57, sun yi nisa ƙwarai. Shi ya sa abin da ke fitowa tarin ƙananan duwatsu ne manne da juna, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, kuma iyakokin da ke tsakaninsu suna rage gudun zafi da na lantarki.

Mai son dutse guda mara iyaka, ko dai ya shuka a kan wani daimon, sai dai irin ƙanana ne, ko ya koma ga ƙarfen iridiyam mai tazarar 3.84. A kansa ne masana a Jami'ar Augsburg ta Jamus suka fitar da faifan daimon mai faɗin milimita 92 a 2017. Tsadarsa kuwa ba ta aljihun ɗalibi ba ce.

Jan ƙarfe ba ya cin kabon, ba ya kuma riƙe shi, daimon yakan saki da kansa. Bakin injin yanka na tangistin kabaid yana karɓa da kyau, muddin an fara cinye kobalt ɗin da ke fuskarsa da asid.

Ni dai silikon zan ce ka gina aikinka a kai, baƙin ƙarfe ka kawo shi a matsayin misalin matsala, tare da maganin da ake yi masa na sa wani rufi a tsakani, kamar kuromiyam naitiraid. Idan kana kwatanta sakamakon masu bincike, duba gwajin Raman ɗinsu, inda ake haska abu da leza a karanta zanen hasken da ya dawo: daimon na gaskiya yana ba da siririn tsini a 1332, tudun da ya bazu wajen 1580 kuwa girafait ne. Idan tsinin ya gusa sama da 1332, farantin ne ke matse daimon.