Gidan Makama a matsayin aji: abin da malamin jami'a zai samu a can

Manhajar CCMAS, wato tsarin darussan bai-ɗaya na jami'o'in Najeriya, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ga malamin da ke Kano, musamman mai koyar da kwas ɗin al'ummomi da al'adun Najeriya, Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, na nan kusa da Gidan Sarki. Mun auna shi ne a matsayin wurin horar da ɗalibi tunani da iya magana, ba wurin yawon buɗe ido ba.

Ginin kansa shi ne darasi na farko. Ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma yanzu yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ka tsayar da ɗalibai a soro, su ɗaga kai su dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin, sannan ka tambaye su: me ya sa magini ya zaɓi azarar giginya? Me ya sa ciki ke da sanyi alhali waje rana na ƙuna? Wanda ya gano cewa gara ba ta cika cin azara ba, kuma katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta shigar zafi, ya yi aikin ƙwaƙwalwa da ya fi haddace shafi uku na takardar lacca.

Inda gidan ya fi amfani shi ne sashen zuwan Turawa a 1903, lokacin da Sarki Alu ba ya gari, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa. A nan akwai abin jayayya. Wa ya ɗauki hotunan da ke sashen, kuma don wa? Wace murya ce babu a bayanin da aka liƙa? Raba ɗalibai biyu-biyu, kowane biyu da abu guda, minti ashirin na dubawa da rubutu. Daga nan ɗaya ya yi bayani na minti uku da Hausa, ɗayan ya maimaita da Turanci. A wannan juyin ne ake kama wanda bai fahimta ba, domin kalma irin “gandu” ko “hakimi” ba ta yarda a fassara ta da ka.

Matsalar da aka fi faɗawa ita ce yawa. Sorayen ba su da faɗi, ka kwaso mutum tamanin a mota biyu, na gaba ne kawai za su ji, na baya su koma ɗaukar hoto da waya. Goma sha biyar zuwa ashirin sun isa a zagaye guda, kuma awa biyu da safe ta fi yini guda. A guji Juma'a saboda cunkoson Babban Masallaci, haka ma kwanakin hawan Sallah. A rubuta wa hukumar gidan takarda tun da wuri.

Sai kuma batun mai zagayawa da baƙi. Aikinsa ya ba da labari a jere, daga Barbushe da Dala zuwa Bagauda zuwa Fulani, kuma ɗalibi ya saba rubuta duk abin da babba ya faɗa ba tare da “ina hujja” ba. Wannan ba laifin gidan ba ne, na malamin da ya zo hannu rabbana ne. Ka nemi mai zagayawar ya yi rabin awa, sauran lokacin naka ne. Makin ma a ɗora shi kan ingancin tambaya da hujjar da ɗalibi ya kawo, ba kan tsawon rahoto ba, in ba haka ba rahoto ashirin za su dawo maka iri ɗaya, an kwafo su daga intanet tun kafin a shiga mota.