Sharhina kan katin bashin da banki ya rufe mini saboda ban yi amfani da shi ba

Idan aka tambaye ni ko katin bashin nan yana da kyau, zan ce yana da kyau ga wanda zai riƙa sayayya da shi a kai a kai. Wanda kuwa yake so ya karɓa ya adana shi don ranar da buƙata za ta taso, ba zan ce ya dogara da shi ba. Nawa an rufe shi ba tare da an ce mini uffan ba, kuma dalili ɗaya aka ba ni: na daɗe ban sayi komai da shi ba.

Zan fara da alherinsa, domin yana da shi. Ba a biyan kuɗin shekara a kansa. Manhajar bankin a waya ba ta da wahalar sha'ani, kuma da zarar an cire kuɗi saƙo zai shigo nan take. A shekarun da na yi ina aiki da shi ban taɓa ganin an ɗora mini wani cajin da ba a faɗa mini tun farko ba. Ina biyan abin da na ci kafin wa'adi ya cika, don haka kuɗin ruwa bai taɓa hawa kaina ba. Shi ne katina mafi daɗewa, kuma shi ne wanda aka fi ba ni damar cin bashi mai yawa a kansa.

Daga baya na samu wani katin da yake mayar wa mutum wani ɗan kaso na abin da ya kashe, sai sayayyar yau da kullum ta koma can. Wannan na farkon na bar shi da gangan a matsayin ko-ta-kwana, saboda rashin lafiya ko tafiyar gaggawa. Wata rana na buɗe manhajar don duba wani abu dabam, sai na ga an rubuta cewa an rufe asusun. Na duba akwatin imel har da wurin tarkacen saƙonni, babu wata sanarwa. Da na kira su, ma'aikaciyar da ta ɗauka ta yi mini magana cikin ladabi, ta ce yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ba bankin ikon rufe asusun da ba ya motsi, kuma ba za a iya sake buɗe shi ba. Idan ina so, in cika sabuwar takardar neman kati. Wato a sake bincika tarihin bashina daga farko, a ba ni asusu sabo fil wanda ba shi da tarihi, kuma babu tabbacin za a ba ni iyakar bashin da nake da ita a da.

Ban ga laifin banki ba a kan cewa ba ya son katin da ke kwance. Hanyoyin samunsa a kan kati sanannu ne: kuɗin ruwa daga wanda bai biya duka ba, kuɗin shekara idan akwai, da ɗan kason da ake cira daga ɗan kasuwa duk lokacin da aka yi sayayya. Katin da ba shi da kuɗin shekara, kuma ba a taɓa shi, babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da yake kawowa. A ɗaya ɓangaren kuma yana jawo wa bankin ɗawainiya. Iyakar da aka ba ka alkawari ne na ba ka bashi duk ranar da ka so, kuma banki yana lissafa wannan alkawarin cikin haɗarin da yake ɗauke da shi. Sun kuma san cewa mutumin da ya yi shekaru bai taɓa katinsa ba, ya zo ya cinye iyakar a lokaci guda, sau da yawa yana cikin matsi ne. Ga kuma 'yan damfara, waɗanda asusun da mai shi ba ya dubawa ya fi musu daɗin aiki. Duk wannan na fahimta.

Shirun ne ya ɓata mini rai. Bankin da ba ya gajiya da turo mini tallan rance da inshora, bai iya turo saƙo guda ba ya ce idan ban yi amfani da katin nan da wata ɗaya ko biyu ba za a rufe shi. Da sayayya ɗaya ƙarama ta wadatar.

Doka ma ba ɗaya ba ce a ko'ina kan wannan. A Amurka, ƙa'idojin bashi na tarayya sun yarje wa banki ya rufe asusun da ya kai wata 3 a jere ba a ci bashi a kansa ba kuma babu sauran bashi a ciki, sannan rufewa saboda rashin motsi ba ta cikin abubuwan da dole a aika wa mutum takardar bayani a kansu. A can ɗin dai, bayan dokar katunan bashi ta 2009, an hana bankuna cajin mutum don bai yi amfani da katinsa ba, abin da ya sa rufewa ko rage iyaka suka zama abin da ya rage musu. A Birtaniya kuwa, mai ba da bashi da ke son kawo ƙarshen irin wannan yarjejeniya haka kawai sai ya ba da sanarwar aƙalla wata 2. Tunda akwai inda aka wajabta sanarwa kuma bankuna suna ci gaba da kasuwancinsu, to abu ne mai yiwuwa, kuma bankin da ke mutunta abokan hulɗarsa bai kamata ya jira doka ta tilasta masa ba.

Illar da ta fi damuna ita ce wadda ta taɓa makin cancantar bashi, wanda masu ba da rancen gida ko na mota suke dubawa. A tsarin FICO, wato kamfanin Amurka da ke lissafa irin wannan maki, yawan bashin da ke kan mutum yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na makin, kuma babban abin da ake kallo a nan shi ne nawa ka ci idan aka kwatanta da jimillar iyakar da aka ba ka. A ce kana da kati biyu, ɗaya iyakarsa 6,000, ɗayan 4,000, kuma ana bin ka 2,000 a kan ƙaramin. Ka ci kashi 20 ke nan na 10,000. Ranar da aka rufe babban, bashinka bai ƙaru da komai ba, amma yanzu 2,000 ne cikin 4,000, wato rabi. A idon na'urar da ke lissafin, ka koma mutumin da ya kusa ƙure ƙarfinsa. Haka ta faru da ni, makin ya sauka, alhali ban taɓa jinkirta biya ba.

Mutane da yawa sun fi jin tsoron rasa tsawon tarihin bashinsu, wanda FICO ke ba wa kusan kashi 15. A nan abin da sauƙi. Kamfanonin da ke adana tarihin bashi a Amurka irin su Experian, Equifax da TransUnion kan bar asusun da aka rufe cikin kyakkyawan yanayi a rahoton mutum har tsawon shekara 10, don haka shekarun ba sa ɓacewa a take. Rashin iyakar ne ke bugun mutum da wuri.

Akwai kuma makin lada, wato wanda banki ke ba mutum idan ya yi sayayya, da na tara a kan katin. Ba su da yawa, amma sun tafi tare da asusun, domin sharuɗɗan sun ce suna ƙarewa idan an rufe. Wanda yake da lada mai yawa a kan katin da ya ajiye, gara ya karɓe shi tun yanzu.

Sauran katunana yanzu kowanne na ɗora masa biyan wani ƙaramin abu na wata-wata, na kuma saita asusuna ya riƙa biyan katin duka da kansa kafin wa'adi. Ta haka katin yana motsi, babu kuɗin ruwa, kuma saƙon cirar yana tuna mini in leƙa asusun. Bankuna ba su da wa'adi ɗaya. Wani yana haƙuri fiye da shekara, wani 'yan watanni kaɗan, kuma ba kowane ba ne yake rubuta nasa a fili. Shi ya sa kafin in karɓi kati yanzu nake tambaya kai tsaye: wata nawa na rashin amfani ne ke jawo rufewa, kuma ana sanar da mutum tukuna ko ba a yi? Idan kati yana da kuɗin shekara kuma mutum ya daina buƙatarsa, wasu bankuna suna yarda a sauya shi zuwa wani nau'in da ba a biyan komai ba tare da an rufe asusun ba, sai dai ba kasafai suke faɗa ba idan ba a tambaya ba.

Wanda aka riga aka rufe wa nasa, ya kira da wuri, domin akwai bankunan da ke sake buɗewa idan ba a daɗe ba, ko da yake nawa bai yarda ba. Ya tambaya a fili ko sake buɗewar za ta sa a yi sabon binciken tarihinsa. Idan akwai rarar kuɗinsa a kan katin, kamar wanda wani shago ya mayar masa bayan ya riga ya biya, ya nemi a tura masa. Sannan ya karɓi rahoton bashinsa ya tabbatar an rubuta asusun a rufe, babu sauran bashi, babu kuma jinkirin biya da aka jingina masa.