Ƙarin aksil a baya ko tayoyi biyu-biyu: wanne ya fi jan kaya?

A Ostireliya akwai garejin da ke yanka shasin Land Cruiser 79, su tsawaita shi, su ƙara aksil na uku (aksil shi ne sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyin hagu da dama), a-kori-kura ta koma mai taya shida. A Amurka kuwa, mai jan tirelar shanu yakan sayi irin Ford F-350 wadda ke da tayoyi biyu-biyu a kowane gefen baya, duk kan aksil ɗaya.

Ƙarin aksil yana da amfaninsa. Nauyi ya rarrabu, gindin mota ya daina durƙushewa, tirela ta rage lilo. Amma injin na nan yadda yake, giya da lagireto ma haka. A hawan tudu da kaya, su ne za su fara zafi, tayoyi shida ba za su cece su ba. Ga kuma kwana: ka juya a matsattsen wuri, za ka ji tayoyin baya suna gogar kwalta, suna barin baƙin shati. Taya ta ci, shan mai ya ƙaru, sannan sai injiniya ya duba ya sa hannu kafin hukuma ta amince.

Ita mai tayoyi biyu-biyu, tun daga kamfani aka auna birkinta da shasinta don wannan aiki. Matsalarta faɗi ce, lungu ba nata ba ne.

In jan kaya ne a kan kwalta, ni ita zan ɗauka. Mai aksil uku na bar wa mai ɗora kaya masu nauyi a bayan mota yana ratsa daji da yashi.